Kabarin da Fasto Filibus Ya Haƙa wa Kansa

Ku matso kusa ku rufe bakinku. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don in na fara ba na komawa baya. Labarin nan ba na dariya ba ne. In na kai ƙarshe akwai tambaya, kuma kowa sai ya amsa, har ke da kike laɓe bayan turmi.

A Tudun Marke, garin da aka kai ni aure, akwai wani Kirista da ake kira Fasto Filibus. Bahaushe ne kamar ni da ku. Sa'ad da na zo garin majami'arsa cike take, don unguwar yamma duk mutanensa ne, gida ya fi arba'in. Ran Lahadi waƙarsu har bakin rafi ake jin ta. Sai rafin nan ya shiga cin gonakinsu, damina bayan damina. 'Ya'yansu kuma sun yi boko sun sami aiki a birane, suka riƙa zuwa suna kwashe iyayensu. Ba wanda ya kore su, kada wani ya fita ya ce na ce an kore su. Gida-gida suka tashi, har unguwar ta koma kufai, awaki na kwana a ɗakunan mutane.

Matarsa Rifkatu ta rasu, ya binne ta a bayan majami'a, cikin katangar da ta kewaye majami'ar da gidansa. 'Yarsu guda ce, Tabita, tana aure can nesa. Na ƙarshen mabiyansa wani tsoho ne kurma. Da shi ma ya mutu, Fasto ne ya haƙa, shi ya yi karatu a kansa, shi ya rufe. Daga ranar ya zama shi kaɗai ne Kirista a garin.

Amma bai sauya komai ba. Ran Asabar zai share majami'a ya goge benci goma sha biyu. Ran Lahadi zai sa baƙar rigarsa, ya rubuta lambar waƙa a allo, ya tsaya ya yi wa'azi ga benci. Mai wucewa ta bayan katanga yana jin sa, in ya kai inda jama'a ke cewa amin sai ya dakata kaɗan, sannan ya ce amin ɗin da kansa. Akwai guntun ƙarfen titin jirgi rataye a jikin marken da ke farfajiyarsa. Kullum da safe yana buga shi sau bakwai, amma bai taɓa bugawa ba sai an sallame sallar asuba.

A cikin gari kuwa ba gidan da ƙafarsa ba ta taka ba. In an ce wane ba lafiya, zai zo ya tsaya a zaure ya yi gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa a ciki. In Kirsimeti ya zo, bunsurunsa wurin liman yake kaiwa a yanka, don kowa ya ci ba shakka a zuciya. In an yi mutuwa kuwa, kafin a gama wankan gawa yana maƙabarta da digarsa. Ba ya shiga sahu, amma kabari ya iya shi fiye da mazan garin. Mijina ma shi ya haƙa masa. Ni ban taɓa yarda da addininsa ba, har gobe, kuma na sha faɗa masa a fuska. Sai dai abin da idona ya gani ba zan ɓoye ba.

Akwai wata rantsuwa da ya kamata ku sani. Wata shekara aka yi tashin hankali a wani gari, labari ya iso mana da zafinsa. Dagaci da liman da Fasto suka zauna gaban jama'a suka yi alkawari: Musulmi ba zai sa hannu a ƙofar majami'a ba sai Fasto ne ya buɗe masa, Kirista ma haka a ƙofar masallaci. Wanda ya karya, dagaci da kansa zai kai shi gaban hukuma a matsayin mai neman fitina. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya karya. Yara ma in ƙwallonsu ya faɗa cikin katangar, zama suke su jira.

To, tsufa ya zo wa Fasto, sai tunanin kabarinsa ya dame shi. Namu kun san shi, ba shi da zurfi can, da ƙaramin rami a ciki daidai kwanciyar mutum. Nasu kuwa rami ne mai zurfi da ke shanye tsayin namiji, bango a miƙe, saboda akwatin gawa. Ba wanda ya iya irinsa a garin sai shi. Ya ga in ya mutu zai bar maƙwabtansa da aikin da ba su sani ba, a wurin da suka rantse ba za su shiga ba. Sai ya ƙudura zai haƙa abinsa kusa da Rifkatu tun yana da sauran ƙarfi. Kunya ta hana shi faɗa. Ya bi gari yana cewa zai tafi taron fastoci a birni, sai bayan mako guda. Sannan ya shiga gida ya ja ƙofar katanga, ya ɗaura sarƙa da kwaɗo ta ciki. Ƙarya ce ya yi, kuma ƙarya ba ta da kyau ko a bakin wa ta fito.

Tsakiyar damina ce, ƙasa da laushi. Kwana biyu yana haƙa yana fitar da ƙasa da kwando. A rana ta uku da hantsi ya gama. Ya taka tsani zai fito, itacen ya ruɓe bai sani ba, sai ya karye da shi. Ya faɗa kan digar, cinyarsa ta karye. Ya yi kira, amma unguwar kufai ce, gari kuma ya san ya yi tafiya. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ramin ya tara ruwa har ƙugunsa. Ya jingina da bangon da ke tsakaninsa da matarsa, ya daina kira, ya kama rera waƙoƙin da suke yi wa matattunsu, tun da ba mai yi masa.

Mutum uku ne suka hana shi mutuwa a ramin nan, kuma zan faɗi na kowa ba ragi ba ƙari.

Na farko shi ne Malam Ɗanbinni, ladanin garin. Makaho ne tun yana yaro, sandarsa ce jagorarsa. Shi da Fasto abokan tsokana ne. Yana kiran Fasto Mai Ƙarfe, Fasto na kiransa Zakara.

In sun haɗu sai ladan ya ce, "Mai Ƙarfe, yaushe za ka zo sahu ka huta da dukan ƙarfen da ba ya amsa maka?"

Fasto ya ce, "Zakara, in na zo wa zai gaya maka gari ya waye? Kai dai cara, ni in tabbatar."

Ladan bai taɓa yarda Fasto ya yi tafiya ba. Shekara talatin, duk sa'ad da Fasto zai bar gari sai ya kawo masa akuyarsa ya ɗaure a gidansa, wannan karon kuwa bai kawo ba. Da ya hau tudun da yake kiran salla, kunnensa ya jiyo saran diga daga yamma. Ya yi shiru da bakinsa, ya ce mutum na da ikon sirrinsa. Amma a rana ta uku sara ya ɗauke, akuya ta kama kuka irin na yunwa. Washegari da ya gama kiran azahar bai sauko ba, ya tsaya ya karkata kai, sai ya ji murya can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. Ya tafi ƙofar dagaci ya ce Fasto na cikin gida kuma yana cikin wahala. Aka yi masa dariya. Wani ya ce iska ce a cikin kufai, wani ya ce tsufa ya taɓa kunnen Malam. Dagaci ya tuna masa da rantsuwa. Ladan ya tafi da sandarsa har gindin katangar, ya zauna cikin taɓo, ya ce, "Ku nemi wanda zai kira muku la'asar. Ni nan nake sai an buɗe ƙofar nan." Abin da ya tara jama'a ke nan. Ba don shi ba, da sai bayan mako za a fara tambaya.

Na biyu shi ne Jatau maƙeri. Ƙato ne, mai zafin rai, ba ya jituwa da kowa, Faston ma sun taɓa yin shekara ba sa magana a kan iyakar gona. Ya iske manyan gari tsaye a ƙofar katanga suna ta shawara. Kowa yanzu ya ji muryar, amma ba mai sa hannu. Wani ya ce a aika birni a kira shugabannin majami'a su buɗe da kansu, alhali rafi ya cika ya rufe hanya, ba mota ba babur. Wani ya ce in aka fasa ƙofar aka iske shi ya mutu, me za a gaya wa duniya? Za a ce Musulmin Tudun Marke sun fasa majami'a sun kashe Fasto. Kada ku raina wannan tsoro, ba tsoron banza ba ne. Gari guda na iya ƙonewa a kan maganar da ba ta kai wannan ba.

Jatau ya koma maƙera ya ɗauko babbar gudumarsa da igiyar guga. Dagaci ya sha gabansa.

"Jatau, ka san rantsuwa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ina wurin aka yi ta."

"In ka taɓa ƙofar nan ni zan kai ka da hannuna."

"To a shaida ni kaɗai ne. Kowa ya ja baya, kada gobe a ce gari ne. In na fito da shi ka ɗaure ni da igiyar nan, ga ta na kawo maka."

Duka uku ya yi wa ƙofar, sarƙar da ke ciki ta tsinke. Ya shiga shi kaɗai, ba wanda ya bi shi. Ya ɗaura igiya a jikin marke ya sauka cikin kabarin Kirista, cikin ruwa da laka, bango na zubowa a kansa. Ya goya tsohon a baya kamar jariri, ya ɗaure shi da rawaninsa, ya hau igiya da ƙarfin hannu. Bai yi taku goma daga bakin ramin ba gefe guda ya rufta. Dagaci kuwa ya cika maganarsa. Da rafi ya janye ya kai Jatau gaban hukuma, ya kwana tara a tsare kafin Fasto ya iya buɗe baki a aika da shaidarsa. Ba don Jatau ba, da jama'a na tsaye a ƙofa ramin zai rufe da mutum a ciki.

Ta uku ita ce Iya Cima. Gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yar gidan maɗora, ta gaji ɗori wurin ubanta. Ƙawar Rifkatu ce ta ƙut da ƙut, tare suke zuwa rafi tun suna amare. Ƙofa ta riga ta buɗu, shiga yanzu ba karya rantsuwa ba ne. Da aka shimfiɗe Fasto a ɗakinsa jikinsa ya yi sanyi, cinya ta kumbura ta yi baƙi, asibiti kuma ba hanya. Iya Cima ta sa aka danne shi, ta ja ƙafar har ƙashi ya koma mazauninsa, ta shafa man shanu, ta jera kara ta ɗaure. Wannan aikin yini guda ne. Mai wuyar yana gaba.

Fasto ya ƙi cin abinci. Ya juya fuska bango, ya ce an yi masa shisshigi, shi ya riga ya yi sallama da duniya, ga wurinsa a shirye kusa da matarsa. Ta kawo kunu ya ƙi, ta kawo fate ya ƙi. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, a banza. Cikin gari kuma baki ya tashi, ana cewa tsohuwa da jikoki ta tare a ɗakin Kirista. 'Ya'yanta maza suka zo har sau biyu su tafi da ita, ta kore su da muciya.

Ran Lahadi ta farko ta lura da shi. Da hantsi ya yi sai ta ga leɓensa na motsi, hawaye na bin kuncinsa. Ta fita ta ɗauko tabarma da audugarta da mazari, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ba shi baya.

Ta ce, "Yau ba ranar surutunka ba ce? To yi abinka."

Ya ce, "In yi wa wa, Cima? Ko bencin ma ba na iya kaiwa gare su."

"Oho. Ni dai ba sauraronka nake ba, kaɗi nake. Addinina na nan inda yake. Amma ba a ce kada ka yi magana don mutum na zaune yana kaɗi ba."

Can ya fara, ya yi waƙarsa, ya yi karatunsa, ya yi wa'azinsa ga ƙeyar tsohuwa. Shekara shida rabon da ya yi wa mai numfashi wa'azi. Da ya kai wurin amin ya dakata yadda ya saba. Ba ta ce amin ba, ba ta kuwa juyo ba. Cewa ta yi, "Ka gama? To ga kunu nan, ya huce." Ya ɗauka ya shanye. Haka ta yi Lahadi bakwai, har ya miƙe da sanda. Ba don ita ba, da an fito da shi daga rami ne kawai don a mayar da shi.

Da kaka ta yi Tabita ta zo da mota. Ta ga ramin, ta ga ubanta ya rame yana ɗingishi, ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ta rantse ba za ta koma ba sai da shi. Ya yi gardama kwana uku, sannan ya sallama, don ya san ko ƙarfen nan yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya cika bugu bakwai.

Amma ya kafa sharaɗi a gaban dagaci. Ya ce zai tafi da rai, zai dawo a akwati, kuma ba inda za a sa shi sai kusa da Rifkatu. Yana son mutum guda da zai riƙe makullin katangar: ya share kabarin matarsa, ya gyara ramin da ya rufta ya hana shi cikewa, ranar da aka kawo gawarsa kuma, ko bayan shekara nawa ne, ya buɗe ƙofa ya karɓe shi. Dagaci da liman suka yi shawara suka ce rantsuwa na nan daram, ba za a kwance ta ga gari duka ba. Mutum ɗaya tak za a ɗauke wa, da sunansa, kuma Fasto ne zai faɗi sunan. In wanda ya zaɓa ya kasa, ba mai karɓa a madadinsa, ƙofa ta rufu ke nan.

Su ukun duk suka zo, kowa na so.

Malam Ɗanbinni ya ce shi ya ji shi sa'ad da gari duka ya kurmance, kuma maganarsa na da nauyin da ko bayan dagacin nan ba mai take ta. Gaskiya ne. Amma makaho ne, ba zai ga ciyawa a kan kabari ba, ba zai ga rami na cikewa ba, kuma ya girmi Fasto da shekara biyar.

Jatau ya ce shi ya shiga ramin, ya san zurfinsa da jikinsa, shi kaɗai ke da ƙarfin sake haƙa shi, kuma ya riga ya sha ɗauri a kan ƙofar nan. Gaskiya ne. Amma duk rani yana barin gari wata biyar yawon ƙira kasuwa-kasuwa, kuma mutum ne da in ransa ya ɓaci yana iya jefa makullin a rijiya. Mutuwa kuwa ba ta tambayar ko damina ce ko rani.

Iya Cima ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Wadda ke kwance a can ƙawata ce. Na san irin sharar da take so." Ita ba ta zuwa ko'ina, idonta garau, hannunta bai san ƙiwa ba. Amma mace ce, kuma a garin nan mace ba ta shiga maƙabarta, balle ta wasu. 'Ya'yanta sun faɗa a gaban kowa cewa jinya ta wuce sun haƙura, amma ranar da ta karɓi makullin nan za su ɗauke ta su kai ta birni wurin babbansu.

Safiyar tafiya aka ɗaure kaya a kan mota. Fasto ya buga ƙarfensa sau bakwai, ya shiga majami'a ya goge bencin nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ya je ya daɗe tsaye tsakanin kabarin matarsa da nasa. Sannan ya fito ya ja ƙofa, ya datse sabon kwaɗo. Direba ya ta da mota, Tabita na cewa, "Baba, rana na yi." Ga makaho dogare da sanda, ga maƙeri ya harɗe hannu a ƙirji, ga tsohuwa ta ja mayafi ta kau da kai. Fasto Filibus ya tsaya a gabansu da makulli guda a tafin hannu.

Nan zan tsaya. Na san wanda ya ba, ina wurin, amma ba za ku ji daga bakina ba sai kun faɗi naku da dalili. Kuma kada wani ya ce mini a raba aikin uku, na riga na gaya muku suna ɗaya aka yarda a faɗa.

To, da wanda ya ji shi, da wanda ya fito da shi, da wadda ta sa ya yarda ya rayu, a hannun wa ya kamata ya sa makullin kabarinsa?